Kujerar Katako Da Itacen Gona

A wannan jami'a tamu, in ka ji an ambaci kujera, to, ba abin zama ake nufi ba. Kujerar shugaban ƙungiyar ɗalibai ake nufi, ko ta sakatare, ko ta ma'aji, kuma a kanta ne abokai kan ɓata, a yini ana ja-in-ja a ƙofar ɗakin lacca. Yayyenmu da suka kama aikin gwamnati su ma haka suke: wane ya hau kujera, wane an janye masa kujera. To, ni yau ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin a kan kujerar gaske zan yi magana, watau wadda aka yi da itace, aka haɗa da noti, wadda in an tashi daga kanta akan naɗe ta a jingine a bangon zaure. Ra'ayina shi ne, yadda muka zura ido wannan kujera tana ɓacewa daga ƙauyukanmu ba ƙaramar asara ba ce, kuma mu 'yan boko muna da hannu a ciki, tun da yake mu ne masu rubuta takardun sayen kaya a ofisoshi, ko kuwa mu ne za mu rubuta su gobe.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bichi, ko Dambatta, ko Dawakin Tofa, ko Minjibir, ya san irin kujerar da nake nufi. Sassa biyu ne masu gicciye da juna kamar almakashi, noti biyu ke riƙe da su. A kan jera ƙananan katakai a mazauni da majingini, wata kuwa akan ɗaura mata tamfol ko gwado saƙar hannu, mutum ya kishingiɗa. Ba kowane gida ake samunta ba. Sai zauren dagaci, ko na tsohon hedimasta, ko malamin asibiti, ko wani alhaji da ya ci moriyar cinikin gyaɗa. Yaro ba ya hawanta ko da mai gida ba ya nan. Inda hannu ke dafawa ya yi baƙi ya yi sulɓi, ba don an shafa wani abu ba, sai don yawan shekaru. In baƙo mai daraja ya zo, ita ake fara fitowa da ita kafin a kawo ruwa.

Yau in ka bi waɗannan zauruka, farar kujerar roba za ka tarar. Tsohuwar kuwa, wadda gara ba ta cinye ba, ko ba a hura wuta da ita ba, sau da yawa ta bi hannun dillalan tsofaffin kaya. Wannan fatauci ba sabo ba ne, kuma 'yan'uwanmu Hausawa ne gwanayensa. Wani masani mai suna Christopher Steiner ya yi bincike a kasuwannin Abijan, ya buga littafi a 1994, inda ya nuna yadda fatake, da yawansu Hausawa, ke tattaro kayan sassaƙa daga ƙauyuka suna sayar wa Turawa, har ma da yadda akan ɗauki sabon sassaƙa a yi masa dabaru ya koma kamar ya shekara ɗari. Yanzu da intanet ta zo, kasuwar ta ƙara faɗi. Abin da mai shi ya bayar a bakin kujerun roba biyu yana murna, shi ne za a ɗauki hotonsa a sa masa farashi da dala, a ce aikin hannu ne na tsohon yayi. Ban ga laifin dillali ba, neman abincinsa yake yi. Abin da ke damuna shi ne, mai saye a Landan ya san abin da ya saya, mai sayarwa a ƙauye bai san abin da ya sayar ba.

Na san akwai wanda zai tare ni a nan, ya ce, ai wannan kujera ba tamu ba ce tun asali, ta Nasara ce. Gaskiyarsa. Kakanninmu a kan tabarma suka zauna, malami a kan buzu, sarki a kan karaga, har ma a fadar Kano akwai sarautar Kilishi, wanda aikinsa ke nan kula da shimfiɗar Sarki. Kujerar da Bahaushe ya gada ita ce 'yar tsugunno, wadda masassaƙi ke fafewa daga gungume ɗaya ba haɗi ba ƙusa, kuma ta mata ce, a gindin murhu da tsakar gida take aiki. Ita mai naɗewa, bayan da Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ne ta zama abin gani a karkara. In Di'o ya fita rangadi, 'yan dako na biye da shi ɗauke da gado da tebur da kujera, duka masu naɗewa. A warware masa ita a gindin tsamiya, ya ɗare, hakimi na kan shimfiɗa, talakawa na zube a ƙasa, ana lissafin haraji da jangali. Kowa da ke wurin ya gane abin da tsawon ƙafafun kujerar nan ke faɗi, ba sai tafinta ya fassara ba.

Ba kuwa Turawan Ingila ne suka fara haɗa kujera da mulki ba. A kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a Masar a 1922, an sami kujeru masu naɗewa a cikin kayansa. Manyan alƙalan Rum ta dā a kan irinta suke zama su yanke hukunci. A 1900 kuwa, a ƙasar da yau ake kira Gana, Gwamna Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Asante ya zauna, wannan rashin ta-ido ya jawo yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta.

To, amma shin duk abin da ya zo da baƙo haramun ne ya zama na gida? Keken ɗinki ma baƙo ne, amma wa zai ce telan Fagge ba sana'ar Bahaushe yake yi ba? Abin da ke mayar da abu na mutane shi ne hannunsu ya iya yinsa, ya iya gyara shi, ya kuma sauya shi daidai da bukatarsu. Haka kuwa aka yi. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, kuma a cikinta har da sashen koyon sana'o'in hannu. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, katakon kudu da zarto da noti suka samu. Sannu a hankali sana'ar kafinta ta fita daga bariki da ma'aikatar En'e ta shiga garuruwa. Kafintan ƙauye ya dubi kujerar Di'o, ya rage mata tsawo domin mai gida kada ya yi wa abokan hirarsa na kan tabarma nisa, ya ƙara mata faɗi saboda babbar riga. Naɗewar ma ta dace da zamanmu fiye da yadda ta dace da na Bature. Zaure ƙarami ne, kuma da dare almajirai ko baƙi ke kwana a ciki. Inuwa tana tafiya, mai gida na bin ta daga hantsi zuwa la'asar. In damina ta faɗi, a rataye ta a ƙusa, ta tsira daga danshi da gara. In za a ɗaurin aure a ƙauyen gaba, a ɗaure ta a bayan keke. Kujerar da aka zo da ita don a raba mai mulki da talaka, sai ga ta a ƙofar gidan talakan yana shan iska a kanta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne itacen. Mu da muka fito daga gonakin da ke kewaye da Kano mun san cewa a wajenmu babu daji. Daga ƙofar gari har iyakar ganin ido gona ce ke bin gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna da amalanke ke kaiwa. Duk da haka ƙasar cike take da itatuwa, kuma babu ɗaya da ba shi da mai shi. Ɗorawa da kuka da tsamiya na miya ne da kunu. Gawo kan kaɗe ganyensa da damina, ya bar gero ya sha rana, da rani kuwa ya ciyar da awaki. In aka zo rabon gado, akan lissafa itace kamar yadda ake lissafa gona. Masassaƙi kuma ya san halin kowanne kamar yadda makiyayi ya san shanunsa: ƙirya ta turmi ce saboda tauri, aduwa ta allo ce, marke na ƙota ne, giginya ta azara ce, maɗaci kuwa shi ne na kafinta in ana son abin da jika zai gada. Ya san lokacin da ake sara, ya san tsawon lokacin da gungume zai yi a inuwa kafin a sa masa gizago. Wannan ilmi ne, ko da yake ba a ba da digiri a kansa.

Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello sa'an nan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki. A 1990 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincikensu game da itacen girki a Kano, kuma abin da suka gano ya saɓa wa abin da masana da yawa suka ɗauka. An zaci inda mutane suka fi yawa nan itace zai fara ƙarewa. Sai aka tarar gonakin kusa da birni, inda jama'a ta fi cunkushewa, sun riƙe itatuwansu, itacen da birni ke ƙonawa kuwa daga dazuzzuka masu nisa manyan motoci ke ɗauko mafi yawansa. Dalilin a fili yake. Manomi ba ya barin itace a gona don ado. Yana barinsa ne domin yana da amfani a tsaye, kuma yana da kuɗi in ya tsufa aka sare shi.

A nan ne kujera ta shigo. Itacen da zai zama kujera, ko ƙyaure, ko turmi, yana da daraja guda. Itacen da zai zama gawayi yana da wata, ƙasa da waccan nesa. Muddin akwai masassaƙi da kafinta a gari masu zuwa su taya gungume da daraja, manomi na da dalilin raino maɗaci shekara da shekaru, yana kare shi daga awaki, yana sane da cewa ajiya ce. In sana'ar ta mutu, mai saye ɗaya ya rage, shi ne mai gawayi, shi kuwa bai damu da maɗaci ne ko sabara ba, bai kuma damu da babba ne ko ƙarami ba. Saboda haka masu cewa a bar katako a koma roba don a ceci itatuwa, a ganina sun karanta lissafin a juye. Gungume ɗaya in an ba kafinta zai fitar da kujerun da za a zauna a kai har a aurar da jikoki. In an ba mai gidan burodi, kafin mako ya zagayo ya zama toka. Ga kuma darbejiya, wadda aka kawo ƙasar nan ta Barno a 1928, ta bazu ko'ina, tana saurin girma, in an sare ta takan sake tohowa, gara kuma ba ta cika son katakonta ba. Ita kaɗai ta isa ta riƙe kafintocin ƙaramar hukuma guda, ba tare da an taɓa ɗorawa ko kuka ba.

Wanda yake son ya ga yadda ake kashe itace da gaske, ya dubi abin da ya sami madobiya. Daga wajen 2014 aka dinga kwashe ta daga dazuzzukan ƙasar nan, musamman na Taraba, ana lodawa a jiragen ruwa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin tsirran da yarjejeniyar duniya ke sa ido a kan cinikinsu a 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Me ake yi da ita a can? Kujeru da tebura na salon sarakunansu na dā, waɗanda attajiransu ke saye da tsada. Watau su sun riƙe salon kakanninsu da itacenmu, mu mun sayar da itacen gungume-gungume, mun sayar da tsofaffin kujerun, mun zauna a kan roba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma takardun fitar da gungumen nan ba a Sin aka sa musu hannu ba.

Kada a ce na yi wa kujerar roba rashin adalci. Farar nan da muka sani, wadda ake danganta samfurinta da wani Bafaranshe, Henry Massonnet, a 1972, ba banza ta ci duniya ba. Tana da araha, ba ta da nauyi, ana wanke ta, gara ba ta san ta ba, ana iya ɗora hamsin a kan amalanke guda. Mai gidan biki da ke jiran baƙi ɗari uku ba shi da abin da ya fi ta, kuma masana'antun roba na Kano suna ciyar da gidaje masu yawa. Ba na kiran a hana ta. Sai dai kowa ya ga ƙarshenta: rana ta gasa ta shekara biyu ko uku, ta yi fari fat, wata rana wani babban mutum ya zauna ƙafa ta balle a gaban jama'a. A ɗinke da waya, a ɗora ta a kan wata karyayyar, daga nan sai bola. Kujerar katako in ta karye, katako ɗaya ake cirewa a sa wani, kuɗin gyaran kuma a cikin gari zai kwana.

Yanzu bari in juyo gare ku, yayyena ma'aikata. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ɗimbin yaran da ke ɗaukar darasi a zaune a ƙasa. Wannan abin kunya ne, amma kuma kasuwa ce wadda kafintocin karkara ba su taɓa ganin irinta ba. Tambayar ita ce, wa zai yi bencinan? Al'adar da aka saba ita ce a dunƙule aikin ƙananan hukumomi da yawa a ba mutum ɗaya mai ofis a birni, shi kuma ya sayo kaya inda ya fi masa riba, a loda a mota a sauke a makaranta. In benci ya karye bayan zango ɗaya, hedimasta bai san wanda zai kira ba, sai a tara su a ajin da rufinsa ya yaye. Alhali kuwa a bayan katangar makarantar akwai kafinta zaune, wanda ɗansa ke cikin ajin nan, wanda ba zai iya yin aikin banza ya kuma fito masallaci ya haɗa ido da iyayen yara ba. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a wani umurni da ya ce ma'aikatun tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu kayayyaki a kan na gida, kuma kujeru da tebura na cikin jerin. Madalla. Amma "na gida" a bakin Abuja na iya zama masana'anta a Legas. Mu abin da muke bukata shi ne na gida a bakin Kunci da Tsanyawa da Makoɗa, kuma wannan ba sai an jira umurni daga sama ba. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangila yana iya raba aikin gunduma-gunduma, ya rubuta cewa gyara na shekara biyu yana wuyan wanda ya yi.

Su ma kafintocin ba zan wanke su tas ba. Wanda ya taɓa ba da aiki ya san "dawo gobe" da ba ta ƙarewa. Ya san ɗanyen katako da ake rufewa da fenti, in hunturu ya busa ya tsage ya karkace. Da yawa sun bar haɗin da ake fafe katako a zura wani a cikinsa, sun koma buga ƙusa kawai, domin mai saye ba ya biyan kuɗin haƙuri. Amma wa ya koya musu wani abu dabam? Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi alkawarin kowane yaro zai taɓa zarto kafin ya gama ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malami. Ni kaina na gama sakandare na ci jarrabawar fasaha da zanen zarto a takarda, ban taɓa yanka katako ba. Tsofaffin da suka iya aikin kuwa suna nan a raye, ba wanda ya gayyace su aji, domin ba su da takardar shaida.

Doka ma ba ta san da su ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma ma'aunin da ta fi dogara da shi shi ne abin ya kasance an yi shi kafin 1918, ko kuwa yana da alaƙa da wani bikin gargajiya. Kujerar kakanka da aka yi zamanin dalar gyaɗa ba ta cika ko ɗaya ba. Ba mai tsare ta a tashar jirgi. In za ta zauna a ƙasar nan, sai dai in 'yan gidan sun ga dama, ko kuwa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun nemi irinta sun ajiye tare da sunan wanda ya yi ta da garinsu.

Mu ɗalibai akwai abin da ke hannunmu. Kowace shekara ana rubuta kundaye a sashen Hausa da na tarihi da na labarin ƙasa, sau da yawa a kan batutuwan da aka riga aka tatse. Ga masassaƙa nan a kasuwannin ƙauyukanmu, da sunayen kayan aikinsu, da yadda suke gane itace ta ƙamshi da nauyi, ba wanda ya zauna da su da alƙalami. Hutu na zuwa, kowa zai koma gida.

Ita kuma ƙungiyarmu, kusan duk shugabannin da suka hau sai sun sa kuɗin sababbin kujerun ɗakin taro a kasafinsu, domin na bara sun kakkarye. Ina ba majalisar ɗalibai shawara, a kasafi mai zuwa a ware rabin wannan kuɗi a ba kafintoci biyu ko uku na karkara aikin kujeru masu naɗewa. A ba da aikin tun da kaka, domin katakon ya sami hunturu guda yana bushewa kafin a taɓa shi. A ce darbejiya ake so. A biya rabi a farko, rabi bayan an zauna a kansu zango ɗaya. Sa'an nan a ƙona sunan kafintan da na garinsu a ƙarƙashin mazaunin kowace kujera, domin in ƙafa ta karye a san inda za a mayar da ita.